Kiɗan Ƙarfe da Fartanyar Bitrus

Tun da na dawo daga Masar ba ku bar ni na sha iska ba. A ƙofar masallaci tambaya, a majalisar Alhaji Tanko tambaya, mai shayi ma sai ya riƙe kofina wai sai na faɗa masa ko na ga gawar Fir'auna. Ban ganta ba. Ban hau raƙumi ba, ban je kallon dala ba, ban ɗebo wa kowa ruwan Nilu ba. Kuma yanzu da nake ji, surutunku ya fi damuna fiye da lokacin da nake ganin bakinku kawai yana motsi. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na ce bari in faɗa sau ɗaya. A aji biyu na sakandare na tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

In takardar nan ta faɗa hannun wanda bai san ni ba, ni ne Sabo maƙeri na Saminaka. Shekarata hamsin da biyar. Garmar shanu da fartanya da gatari nake ƙerawa, a maƙerar da ubana ya bari, kuma duk ƙarfen da ya fita daga wurin yana ɗauke da ɗigo uku a wuya, tambarin gidanmu ke nan.

Kunne ya kai ni Masar. Ku da ba ku taɓa riƙe masaba ba kuna zaton da hannu kaɗai ake ƙira. Da kunne ake gama ta. In ƙarfe ya huce sai ka rataye shi ka ƙwanƙwasa. In ya ja ƙara mai tsawo, lafiyayye ne. In ya ce ɗas ya tsaya, to akwai tsaga a cikinsa wadda ido ba ya gani, kuma ranar da ya gamu da saiwa ko dutse a gona zai rabe biyu. Ni kuwa kunnena ya fara tafiya shekara biyar da suka wuce, har ya kai sai an yi mini ihu ta dama. Amma ban daina ƙwanƙwasawa ba. Ina ratayewa, in buga, in gyaɗa kai, in ce a ɗauka. Wanda ya tambaya in ce masa a hannu nake jin amon. Kuma ba manomin da ya dawo mini da kaya. Ku da kanku kuke cewa ƙarfen Sabo na bana ya fi na da.

Ɗana Nura, wanda muke aiki tare, shi ya dame ni da maganar in huta. Shekararsa ashirin da takwas, yana da mata da ɗa. Na ɗauka maƙerar yake so tun ina raye. Da ya kawo zancen asibitin Masar sai na yarda, ba don komai ba sai don in gyara kunne in dawo in nuna masa cewa wurin yana da mai shi.

Wanda zai sauke ni shi ne Bitrus. Tare muka yi firamare, gonar ubansa tana jikin tamu. Shi ya ci gaba da boko, yanzu yana aikin takardu a wani ofishin jakadanci a Alƙahira. Da muka yi waya, Nura ne ya riƙe wayar yana maimaita mini da ƙarfi. Ya ce Bitrus yana roƙon in ƙera masa fartanya irin wadda babana yake yi wa babansa, mai gajeriyar ƙota, zai rataye a falo. Ya kuma ce wai in shirya, akwai masu son kiɗan ƙarfe a can, duk Asabar suke haɗuwa, zai sa in ji.

Alhaji Tanko, kai shaida ne a kan abin da na zo na faɗa a majalisa ranar. Na ce Larabawa sun fi mu sanin darajar sana'a, har yau ana yi wa maƙera kiɗa a ƙasarsu, mu kuwa tun da mai dundufar garin nan ya rasu ba wanda ya ƙara kaɗa mana ko gwangwani. Na sa aka wanke mini babbar rigata ta shadda saboda wannan Asabar ɗin.

Fartanyar kuwa na ƙera ta ranar da Nura ya tafi Abuja karɓo fasfo. Ni kaɗai a maƙera, da kaina na hura wuta. Na gama, na buga mata ɗigo uku, na naɗe ta a tsumma na sa a ƙasan jaka. Ba wanda ya taɓa ta.

Muka bi ta Falgore zuwa Kano, Nura a gaba ni a baya tsakanin buhun masara da wani mai tari. A filin jirgi muna kan layi wata tsohuwa ta tsaya kusa da ni tana ta magana. Na yi abin da na saba yi wa kowa, ina gyaɗa kai ina cewa haka ne. Kafin in ankara ta danƙa mini leda tana sa mini albarka. Ashe na amsa zan kai wa jikanta ɗalibi saƙo har unguwar Abbasiya a Alƙahira. Nura ya zazzage ledar a gabanta don ya tabbata, garin kuka ne da daddawa da yaji. Na so in mayar, ya ce ai na riga na ce haka ne sau bakwai. A nan muka rabu, shi ya koma Saminaka.

Jirgi ba abin da zan ce a kansa sai sanyi da abinci ɗan mitsitsi a kwali. Da zai sauka kunnen da ya mutu ma sai da ya tashi ya yi mini ciwo.

A wurin duba kaya ma'aikacin ya buɗe jakata, daddawa ta fara gaishe shi. Ya ja baya ya toshe hanci. Ya sa hannu ƙasa ya zaro fartanya. Yana tambaya, ni ba Larabci ba kunne. Da na ga ba mafita sai na karɓe ta na duƙa na yi masa noma a kan tayil, a gaban jama'a. Ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Na fahimci sun ɗauke ni manomi, abin ya ɓata mini rai, na ajiye ta a tebur na nuna musu duka da masaba. Ɗaya daga ciki ya ɗaga murya ya ce haddad, suka yi dariya, suka mayar mini da kayana. Daga baya na ji haddad shi ne maƙeri. Ita ce kalmar Larabcin da na shigo ƙasar da ita.

Da ƙyar na gane Bitrus. Na bar shi siriri mai tsaga a kai, na tarar da ƙaton tumbi da furfura, a cikin baƙar riga mai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙaho. Dattijon coci ne fa. Na tambaye shi ko rigar ɗansa ce ya ara, ya yi dariya ya rungume ni yana kirana Sarkin Maƙera, sunan da yake tsokanata da shi tun muna yara.

A unguwar Dokki yake zaune, bene na bakwai. Na'urar hawa benen kamar akwatin ajiye kaya take, ba ƙofa ta ciki, kana tsaye bango yana wucewa a gaban hancinka. Akwai mai gadin gida da suke kira bawwab, yana zaune a benci ya san wanda ya shiga da wanda ya fita da abin da kowa ya sayo. Na ce wa Bitrus a Saminaka kyauta ake wannan aikin. Matarsa Saratu ta karɓe ni da mutunci, Baban Nura take ce mini. Na ba su fartanya, Bitrus ya juya ta yana shafa ɗigo ukun nan, idonsa ya kawo ruwa. Ya buga ƙusa ya rataye ta a saman talabijin.

Abinci kuwa, ku da kuke cewa na je na ci daɗi. Da safe wake ne dafaffe da aka dama da mai, ful, kullum shi. Da rana koshari: shinkafa da taliya da wasu ƙananan wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, irin abin da in matarka ta kawo maka za ka ce ragowar tukwane ta haɗa. Akwai miyar da suke ji da ita, mulukiyya, suka ce lallai in ɗanɗana. Lalo ne. Lalon da yake fitowa a bayan maƙerata ba wanda ya shuka shi. Gurasarsu ce kaɗai ban ga laifinta ba, ita ma a kan titi suke shanya ta ƙura tana sauka. Maza kuma daga safe zuwa yamma suna zaune a wurin shayi suna zuƙar hayaƙi ta tiyo suna buga ludonsu na katako. Na tambayi Bitrus yaushe suke aiki, ya ce in tambayi majalisar Alhaji Tanko.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka kai saƙon tsohuwa Abbasiya. Ɗalibai takwas a ɗaki biyu, littattafai har rufi. Hausarsu ta cika da Larabci, komai tamam, komai khalas. Jikan nata ya ji ciwon da ya kawo ni sai ya gyara zama ya yi mini wa'azin haƙuri mai tsawo. Na ga bakinsa yana aiki, na ce haka ne.

Asibitin kunne yana nan Dokki. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar kejin kaji, suka rufe mini kunnuwa, suka ba ni abin dannawa, wai duk lokacin da na ji ƙara in danna. Na zauna shiru, ba na jin komai. Na ga in ban danna ba za su ce kurma ne ni gaba ɗaya, sai na shiga dannawa lokaci-lokaci ina gyaɗa kai. Likitan ya buɗe ƙofa ya yi wa Bitrus magana, Bitrus ya sunkuyo ya yi mini ihu a dama, wai likita ya ce in dakata, bai kunna na'urar ba tukuna.

Hukuncinsa gajere ne. Na hagu ya mutu, ba dawowa. Na dama saura kaɗan, za a sa masa na'ura. In kuma na koma dukan ƙarfe, shi ma zai bi ɗan'uwansa. Na ce wa Bitrus ya gaya masa hannunsa ya yi laushi da yawa da zai ba ni shawara a kan masaba. Ban san abin da Bitrus ya fassara ba, likitan dai ya yi murmushi ya ce ma'alish. Wannan kalmar, wato a yi haƙuri, ita ce maganin komai a garin. A take ka ma'alish, a ce kunnenka ya mutu ma'alish.

Ranar Alhamis aka sa mini na'urar, ƙarama kamar buzuzu a bayan kunne. Da muka fito titi na kusa komawa in ce a cire. Ashe duk kwanakin nan motocin garin ba su daina hon ba, ni ne nake zaune lafiya. Na ji takalmina yana jan ƙasa. Na ji yadda Bitrus yake tauna, na tausaya wa Saratu.

Asabar ta zo. Bayan azahar Saratu ta ɗauki jakarta ta ce ta tafi zumuntar mata, ta dube ni ta ce, "Baban Nura, Allah ya ba ka haƙuri." Ban gane ba. Na yi wanka na sa shadda da hula. Bitrus ya gan ni ya tambaya ko ɗaurin aure zan je. Na ce ba na tarbar makaɗan sana'ata da kayan barci.

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Kafin ya iya magana aka buga ƙofa, mutum huɗu suka shigo. Duk sa'anninmu, duk baƙar riga, duk tumbi. Babbansu Magdi, likitan haƙori, tsakiyar kansa ba gashi ko ɗaya amma ya tara na ƙeya ya ɗaure kamar jelar akuya. Ɗaya yana ɗingishi, ɗaya ya ajiye ledar magungunansa a tebur kafin ya gaisa. Ba ganga, ba kuge, ba maroƙi.

Sai a nan Bitrus ya yi mini bayani. Kiɗan Turawa ne, sunansa a bakinsu hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi, shi kuma ya juya mini shi da Hausa yadda ya zo masa. Na tambaya ina ƙarfen. Ya ce babu, suna ne kawai. Jita ce da ganga da ihu. Tun yana makarantar kwana ya kamu da shi a kaset ɗin wani malaminsu, bai warke ba. Su Magdi ma haka. Na zauna a shaddata kamar angon da aka manta da shi.

Rigimar ranar a kan wasu tsofaffin Turawa biyar ce, waɗanda suka fara wannan kiɗa tun muna firamare. Ba zan iya kawo sunansu ba, ban kuma yi ƙoƙari ba. Sun yi shekaru shiru, sai ga shi sun fitar da sabon faifai. Aka kunna. Abin da na ji shi ne injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa, wani kuma yana kiran a kawo ɗauki. Su kuwa suka rufe ido suna kaɗa kai, har mai ɗingishi ya riƙe wuya ya ce ya isa haka.

Da aka kashe sai gardama, Turanci da Larabci a haɗe, Bitrus yana juya mini abin da ya fi ƙarfina. Magdi ya ce ɗumame ne. Kalmar tawa ce, amma abin da yake nufi ke nan: tsofaffin waƙoƙinsu suka ɗauko suka yayyafa ruwa suka mayar wuta. Ya ce muryar mawaƙin da a da take tsaga rufi yanzu ta sauko tana neman kujera, da sun san mutunci da sun tsaya tun mutane suna kewarsu. Mai ledar magani ya ce faifan ya yi tsawo, a waƙa ta huɗu barci ya ɗauke shi, amma wataƙila maganin hawan jini ne. Na huɗunsu ya ce shi bai saurara ba kuma ba zai saurara ba don kada ya ɓata na da, ɗazu ma toshe kunne ya yi, kuma duk ɗakin ba wanda ya kai shi ɗaga murya. Bitrus ya ciro waya yana karanto ra'ayin mutanen duniya. Wani ya ce ya yi kuka a mota. Wani ya ce a kai su gidan tsofaffi. Wani ya rubuta abin da ya kai shafi uku don ya nuna cewa abin bai dame shi ba. Manyan mutane masu jikoki, suna ba wa ihu maki.

Bitrus shi kaɗai ya tsaya wa tsofaffin. Ya ce su suka raka shi lokacin da ba shi da kowa a makarantar kwana, ba zai zage su don sun yi furfura ba. Kuma yana da hujjar da yake ji da ita, mai gangarsu. Mutumin ya haura saba'in, an yi masa aiki a kafaɗa, amma a sabon faifan nan dukansa ya fi na ƙuruciyarsa sauri da tsabta. Ya ce wannan tsoho bai san tsufa ba.

Magdi ya nuna ni ya ce a tambayi usta. Na zaci ustazu yake nufi, na ce ni ba malami ba ne. Bitrus ya ce a'a, usta shi ne gwanin sana'ar hannu, wanda ya ƙware har ake koyo a wurinsa. Magdi ya ce ga mutumin da ya shekara arba'in yana duka, shi ya san abin da hannu zai iya. Wannan ne karo na farko da wani ya faɗi magana mai hankali a ɗakin.

Na ce su sa mini tsohon faifai, su sa sabo, kowa ya rufe bakinsa. Na bar ihun da jitar, na bi ganga kaɗai. A tsohon na ji yaro mai ƙarfi da gaggawa. Yana farawa da zafi, can tsakiya hannun hagu ya ɗan ja baya, ya yi fushi ya kamo. Na san wannan hannun, irinsa gare ni ina shekara ashirin da biyar. A sabon kuwa kowane duka nauyinsa ɗaya da na gabansa, daga farko har ƙarshe, ba gajiya ba numfashi.

Na ce musu, "Wannan ba hannun mutum ba ne. Ko saurayi ba ya duka ɗari biyu iri ɗaya, balle mai ɗinki a kafaɗa. Tsohon ya buga abin da ya iya, wani ya bi bayansa ya gyara."

Magdi ya miƙe tsaye yana cewa dama ya faɗa, da kwamfuta ake daidaita musu. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, da sun bar hannun tsohon yadda yake da gajiyarsa, da shi ne zai fara saye. Bitrus ya ce a hankali, in ma haka ne, wanda ya gyara masa ai don yana ƙaunarsa ne.

Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe. Na ce wannan ba ƙauna ba ce, mayar da babba abin wasa ne. Na ce tsohon da ake bin bayansa ana gyarawa yana tsaye yana karɓar tafi, in bai sani ba wawa ne, in ya sani ɓarawo ne. Na faɗa da Hausa, na sa Bitrus ya fassara duka. Ya fassara yana kallon ƙasa.

Magdi don murna ya waiga neman abin da zai buga a ce an rufe shari'a. Ya ciro fartanyata daga ƙusa, ya riƙe ta a ƙota, ya ɗauki cokalin shayi ya ƙwanƙwasa.

Ta ce ɗas.

Su suka yi tafi, ba su san komai ba. Na ce ya sake. Ya sake. Na karɓe ta na rataye a yatsa yadda ubana ya koya mini, na buga da makulli a baki, a tsakiya, a wuya. Tsagar tana wuya, dab da ɗigo ukun. Da gona aka kai ta ba za ta ga ƙarshen kunya ɗaya ba.

Na tsaya da ita a hannu ina tunani. Wannan ne kaɗai ƙarfen da ya fita daga maƙerata bai kwana inda Nura yake ba. Shekaru ina buga abin da ba na ji ina cewa a ɗauka, kuma ko lauje ba a dawo mini da shi ba. Ni da na zauna a kejin likita ina danna abin da ba a kunna ba.

Na fita baranda na kira Nura, rana ba ta faɗi ba. Rabon da in ji muryarsa ba da ihu ba har na manta, ashe ta yi kauri irin ta kakansa. Ya fara murnar ina ji, na katse shi na ce, "Tun yaushe kake bin bayana?"

Ya ce shekara uku. In na tafi azahar na kwanta, sai ya bi duk abin da na ce a ɗauka ya ƙwanƙwasa. Wanda ya tsage ya tura shi ƙarƙashin tarkace, ranar kasuwar da nake fita ya sake ƙera shi ya buga masa ɗigo uku. Ya ce a bara abin ya yi yawa har sai da abokinsa na Lere ya riƙa kama masa.

Na ce, "Da ka faɗa mini."

Ya ce, "Na faɗa, Baba. Ba ka ji ba."

Da na koma ciki baƙin sun tafi. Bitrus yana wanke kofuna. Ɗan manomi ne, ya san amon fartanya tun kafin ya san jita, kuma daga yadda ya ƙi kallona na gane Nura ya daɗe da gaya masa. Na ce zan koma da ita a ƙera masa wata. Ya goge hannu ya karɓe ta ya mayar kan ƙusa. Ya ce shi wannan yake so, hannuna ce, da tsagarta. Na ce masa shi da Magdi da sauran duk asibiti ɗaya ya kamata a kwantar da su. Ya ce ma'alish. Na bar masa ita. Tana can saman talabijin a Dokki, fartanyar da ba za ta iya noma ba, a gidan mutumin da ya rabu da gona shekara talatin. Sun dace.

Kwana biyu bayan nan muka je kasuwar Ataba na sayi batiran na'ura a cikin turmutsutsun da ya fi na Kantin Kwari, na hau jirgi na dawo. Shaddar ba ta ƙara fita daga jaka ba.

To ga abin da ya sa na rubuta maimakon in faɗa a majalisa, don a baki ba zan iya ba. Alhaji Tanko, garmar da ka saya bara kake yawo kana cewa hannun Sabo sai Allah, ta Nura ce. Malam Iro, gatarinka ma haka. Duk wanda ya sayi ƙarfe mai ɗigo uku a shekara ukun nan ya ji daɗinsa, ya je ya yi wa yaron godiya, ni na karɓi tawa ba da haƙƙi ba.

Na ajiye masaba. Ba don likita mai laushin hannu ya ce ba, don na ji da kunnena. Yanzu Nura ne a bakin wuta, ni ina can nesa ƙarƙashin darbejiya da na'urata a kashe. In ƙarfe ya huce sai ya kawo mini, in kunna, in rataye, in buga. Shekaranjiya na mayar masa da fartanya biyu. Ya ce lafiyarsu ƙalau. Na ce ya matso da kunnensa. Ya matso, ya ji, ya kwashe su ya mayar wuta. Ya iya, amma yana da gaggawa, hannun hagunsa yana ja baya.

Masar ke nan, kada a sake tambayata. Wanda kuma ya ƙara ce mini ƙarfena na bana ya fi na da, zan cire na'urata in sa a aljihu, ya ƙarasa maganarsa, in ce masa haka ne.